Yadda ake ɗaure fuli a bakin bolsukuru idan ana mayar da ƙaramin injin milin CNC

Wanda ya cire hannayen juyawa daga ƙaramin injin milin irin su Sieg X2 ko Grizzly G0704, ya sa masa bolsukuru (sandar sukuru mai notin ƙwallaye da ke tura tebur) da moton sitefa (moto mai juyawa taki-taki) don ya zama CNC, wato injin da kwamfuta ke sarrafawa, hanya biyu gare shi ta haɗa moto da sandar. Ko ya jera su baki da baki da kofilin, wato mahaɗin sanda biyu, ko ya kwantar da moton a gefe ya haɗa su da bel mai haƙora da fuli biyu. Ta biyun ake bi idan wuri ya yi kaɗan, ko ana son rage gudu don a sami ƙarin ƙarfi, musamman a layin Z mai ɗaga kan injin. Duk ƙarfin moton kuwa ta wani ɗan guntun ƙarfe yake bi, mai kaurin milimita 10 da tsawon milimita 15, wato bakin sandar da fuli yake zama a kai. Idan wurin nan ya yi wasa, tsadar diraiba (na'urar da ke tuƙa moton) da kyan manhaja ba za su amfana maka komai ba.

Zan yi bayanin ne a kan haɗin da ya fi yawa a irin wannan aiki: bolsukuru SFU1605, mai kaurin milimita 16 wanda yake tura tebur milimita 5 a kowane zagaye, da gidan boris BK12 mai riƙe ƙarshen sandar, da bel HTD 5M mai faɗin milimita 15. Wanda nasa ya bambanta sai ya sauya lambobin, aikin iri ɗaya ne.

Abin da fulin yake sha

A ɗauki moton NEMA 23 mai ƙarfin murɗa 2 Nm. A sa masa fuli mai haƙora 20, a sa mai haƙora 40 a bolsukuru. Gudu ya ragu rabi, ƙarfin murɗa a sanda ya kai 4 Nm. Rabin kaurin bakin sandar milimita 5 ne kacal, saboda haka ƙarfin da yake neman zame fulin a jikin sandar ya kai niyuton 800, kusan nauyin kilo 80. Wannan ne mutum yake ɗora wa ɗan noti mara kai guda ɗaya, wato wanda ake murɗawa ta wuyan fuli ya danne sanda, wanda ya ɗaure da alanki mai milimita 2.

Nauyin shi kaɗai da sauƙi. Fulin famfon ruwa ko na injin niƙa yana ɗaukar abin da ya fi haka, ya yi shekaru bai motsa ba, domin gefe ɗaya yake juyawa. Idan ya jingina da ki (ɗan ƙarfen da ake sa wa a gurbi tsakanin fuli da sanda) sau ɗaya, shi ke nan ya zauna. Injin CNC kuwa gaba da baya yake yi ba hutawa, kuma sitefa ba ta juyawa sumul, fizga take yi taki-taki, taki 200 a zagaye. Duk wata 'yar rata da ke tsakanin fuli da sanda, kowane juyi sai ya buge ta, kowane bugu sai ya ƙara mata faɗi, kamar ruwan gatarin da ya fara kaɗawa a ƙota.

Ga abin da ratar take jawowa a kan aiki. Zamewar digiri ɗaya tak a bolsukuru mai tafiyar milimita 5 tana nufin tebur ya kauce da kusan milimita 0.014. Idan kuma fulin yana wasan milimita 0.1 a jikin sandar, wanda da ƙyar hannu zai ji shi, kuskuren a tebur ya kai milimita 0.016 a duk lokacin da layin ya sauya hanya. Za ka yanka da'ira ta fito da tabo a wuri huɗu, ko ka ga injin ya ƙi komawa sifilinsa, ka shiga zargin waya da diraiba.

Daga nan ne hukuncina ya fito, kuma a kansa sauran bayanin zai tafi: abin da yake riƙe fuli a injin da ke komawa baya shi ne dacewar rami da sanda, da matsin da ya kewaye sandar gaba ɗaya. Noti da ki da fin mataimaka ne.

Tun kafin ka yi oda

Bakin da masu sayarwa a Sin suke gurzawa don BK12 tsari ɗaya ne: mazaunin boris mai milimita 12, sai tiredi M12 mai tazarar milimita 1 don notin kulle, sai bakin ƙarshe mai kaurin milimita 10 da tsawon milimita 15. An yi wannan tsawon ne don kofilin. Fulin bel mai faɗin milimita 15 kuwa, idan aka haɗa da wuyansa, yakan haura milimita 25. Ka ga kusan rabinsa a iska zai tsaya.

Yawancin masu sayarwa suna karɓar zane. Ka tura musu naka, ka nemi a tsawaita bakin zuwa tsawon fulinka, sannan idan da hali a yi fuska biyu na sifana ko ramin alanki a ƙarshe, don ka sami wurin riƙe sandar lokacin ɗaure notin kulle. Ka auna fulin da kanka kafin ka zana, kada ka dogara da hoton talla.

Dalilin da ya sa na matsa a kan wannan shi ne taurin bolsukuru. Fatarsa ƙonanniya ce, tana kai wa 58 zuwa 62 a ma'aunin tauri na Rockwell C, cikinsa ne yake da laushi. Tonan unguwa zai iya gurza shi, amma sai da bakin kabayid, ko a fara cinye fatar da garanda, ko a gasa bakin ya yi laushi tare da naɗe sauran sandar da jiƙaƙƙen tsumma don zafi kada ya bi ta. Abin da ya fi wuya shi ne a daidaita sandar a cok, wato makamin injin tona, ta yadda bakin zai fito tsakiya ɗaya da hanyar ƙwallaye. Idan dole sai an kai wa tona, ka tsaya a kansa ya daidaita da agogon awo, kuma ka naɗe notin ƙwallayen da leda don ƙurar garanda kada ta shiga. Kada ka kuskura ka zare notin ƙwallayen daga sandar ba tare da bututun da ake zura shi a kai ba; ƙwallayen za su zube, mayar da su kuwa aikin yini ne.

Idan sandar ta riga ta zo da gajeren baki, juya fulin wuyansa ya kalli gidan boris, domin wurin ɗauri ya zauna a kan ƙarfe sosai. Sai dai ka sani bel zai koma can ƙarshe, yana jan bakin daga nesa, saboda haka kada ka tsananta jansa. Fulin da ba shi da doguwar wuya, wanda ake ɗaure shi ta cikin jikinsa, ya fi dacewa da wannan hali.

Rami

Auna bakin sandar da maikromita a wuri uku, kusa da tiredi da tsakiya da ƙarshe. Kalifa ba ta isa wannan awon ba. Yawanci za ka same shi ƙasa da milimita 10 da ɗan kaɗan. Ramin fulin da ake so shi ne 10 H7, wato daga milimita 10 cif zuwa 10.015. Alamar dacewa ita ce fulin ya shiga da turin hannu, ba guduma, kuma idan ka kama shi ka gwada karkata shi ba za ka ji ƙwas ba.

Fuli mai araha da aka riga aka huda yakan zo da rami mai faɗi fiye da kima, wani lokaci ma ba a tsakiya ba. Ni na fi son a sayi mai ƙaramin rami na gwaji a buɗe shi a injin tona. A kama shi da lallausan haƙoran cok ko a cikin zoben da aka gurza daidai da shi, a ɗora agogon awo a kan saman haƙoran fulin, ba a kan wuyansa ba, domin haƙoran ne bel yake bi. Idan kaɗawar ta sauka ƙasa da milimita 0.02, a huda da dirila mai 9.5, a daidaita ramin da bakin gurzar ciki zuwa 9.8, a ƙarasa da rima 10 H7, wato abin da ke ƙarasa rami daidai awo. Dirila kaɗai ba ta ba da ramin da ya dace. Nata yakan fito da faɗi kuma ba zagayayye sosai ba. Rima ma bin ramin da ta tarar take yi, ba ta gyara karkata, shi ya sa gurzar ciki ta shigo tsakani. A ɗan fere bakin ramin don ya wuce kafaɗa ba tare da tokarewa ba.

Wanda ya yi wannan da kyau ya ci rabin aikin, ko wace hanyar ɗauri ya zaɓa.

Noti mara kai da fuska

Wannan ce hanyar da yawancin fuli suke zuwa da ita, kuma tana aiki a layin X da Y masu tura teburin ƙaramin inji idan an yi ta yadda ya kamata. Yadda aka saba yi, wato a zura fuli a zagayayyar sanda a murɗa mara kai ɗaya, ba ta daɗewa. Bakin notin yana tona sandar ya tayar da ƙaya, fulin ya zame duk da haka, ranar cirewa kuma ƙayar ta kafe shi ta yage ramin.

Da farko gwada bakin sandar da magagari. Idan ya ci, an sassauta taurin wurin, za ka iya aiki da hannu. Idan ya zame yana ƙara kamar a kan gilashi, sai dutsen wasa ko magagarin daimon.

Zura fulin inda zai zauna bayan ka daidaita shi da na moto, ka sa alama ta cikin ramin notin, ka cire. Yi wa sandar fuska a wurin alamar, zurfin milimita 0.5. A sanda mai milimita 10 wannan zurfin yana ba da shafaffen wuri mai faɗin kusan milimita 4.4, wanda ya ishi bakin M4 ko M5 zama. Kada ka bi tsawon bakin gaba ɗaya da fuskar, ka bar zagayayyen ƙarfe gaba da baya don ramin ya sami abin kamawa. Fuskar ta kasance a miƙe. Idan ta yi doro, notin zai riƙa gangarawa gefe.

Marasa kai biyu ake so, a kusurwar digiri 90 da juna, kowanne da fuskarsa. Kada a sa su suna kallon juna. Idan suna fuskantar juna, sandar tana rataye ne tsakanin tsini biyu, fulin yana lilo a kansu. A digiri 90 kuwa suna haɗuwa su tura sandar ta manne da bangon ramin a ɗaya gefen, sai gogayyar bangon ta ɗauki kaso mai yawa na aikin. Idan fulin rami ɗaya gare shi, ƙara na biyu: dirila 3.3 don taf na M4, ko 4.2 don M5. A alminiyam ka tabbata naman wuyan ya kai aƙalla kaurin notin sau ɗaya da rabi, in ba haka ba tiredin zai kwashe kafin notin ya ɗauru.

Sayi marasa kai masu tauri, masu baki kamar ƙoƙo. Waɗanda suke zuwa da fuli mai araha sau da yawa laushi gare su, ramin alankinsu yakan lalace tun ɗaurin farko. Wanke notin da raminsa da asiton, ɗiga gam ɗin tiredi matsakaici irin Loctite 243, ko 222 ga ƙananan noti, ka ɗaure na farko a hankali kana ɗan kaɗa fulin gaba da baya har ka ji ya sami tsakiyar fuskar, sannan na biyu, sannan ka koma ka ƙarasa su duka. M4 ba ya son fiye da kimanin 2 Nm, M5 kimanin 4 Nm, a alminiyam ma a rage. Idan ramin yana da zurfi, ɗora wani gajeren mara kai a bayan na farko ya danne shi.

Wasu maimakon fuska sukan yi ɗan gurbi da bakin dirila inda notin zai nutse. Yana riƙewa sosai, amma ya ƙayyade wurin fulin har abada. Idan daga baya bel ya nuna kana bukatar matsar da shi milimita ɗaya, babu dama.

Ki da fin

Ki shi ne abin da duk mai gyaran inji zai fara ba ka shawara, kuma a nan ba shi ne gwani ba. Bisa ma'aunin DIN 6885, sanda mai milimita 10 ki 3 da 3 take ɗauka, mai 12 kuma 4 da 4. Yana hana fuli juyawa gaba ɗaya, amma don ya shiga da hannu dole a bar masa 'yar rata a gefe, ratar nan kuwa ita ce wasan da muke gudu. A fulin alminiyam hanyar kin tana buɗewa da bugun gaba da baya. Idan moton NEMA 34 gare ka mai hanyar ki a sandarsa, yi amfani da shi a matsayin kariya, ka sa mara kai ɗaya a kan kin, ɗaya a digiri 90, ko ka haɗa shi da matsi.

Fin da ake ratsa fuli da sanda da shi ma haka. Ramin milimita 3 a sanda mai 10 yana rage mata ƙarfi a daidai inda bel yake lanƙwasa ta, dole a huda su tare, kuma alminiyam yakan buɗe a gefen fin. Ba na ba da shawararsa sai in babu wata hanya.

Matsi

Fuli mai tsagaggen wuya, wanda noti mai kan alanki yake ratsa tsagar ya matse wuyan a jikin sanda, shi ne zaɓina na farko ga bakin milimita 10. Yana kama sandar ta ko'ina, ba ya ji mata ciwo, ba ya bukatar fuska, kuma kana iya sassautawa ka matsar da shi ka sake ɗaurewa sau nawa ka ga dama. Sharaɗinsa ɗaya: ramin ya dace. Tsagar tana iya rufe ratar da ba ta wuce kashi kaɗan cikin ɗari na milimita ba; idan ramin ya yi faɗi, wuyan zai taɓa sandar a wuri biyu kawai, ko notin ya ƙare ƙarfinsa wajen lanƙwasa alminiyam.

Idan ba ka sami irinsa ba, ana yin sa daga fuli mai doguwar wuya. A rage kaurin wuyan a injin tona, a tsaga shi gida biyu ko huɗu da siririn zarto, a zura masa zoben ƙarfe mai matsewa daga waje. Zoben ne yake matse wuyan, wuyan ya matse sanda. Tsagar ta kai kusan jikin fulin, a kuma goge ƙayar da zarto ya bari a cikin ramin.

Wajen ɗaurewa, sanda da rami su kasance a bushe, babu mai babu giris. Man da aka shafa wa bolsukuru don kada ya yi tsatsa a hanya yana rage kamun ƙwarai. Notin matsi na M4 mai kan alanki a tiredin alminiyam kimanin 3 Nm ya ishe shi. Idan sandar tana da fuska tun asali, kada tsagar ta faɗa a kanta.

Akwai kuma bushin mai siffar mazurari, wanda idan an ɗaure shi yake matse sanda ta ciki ya kuma buɗe ya kama fuli ta waje. Taper-Lock na kamfanin Fenner shi ne sananne, amma ƙaraminsa, 1008, faɗinsa kusan milimita 35 ne. Fulin 5M mai haƙora 20 gaba ɗayansa bai kai milimita 32 ba, don haka sai fuli mai haƙora sama da 30 ake samu da shi. A misalinmu mai haƙora 40, wanda faɗinsa ya kusa milimita 64, zai zauna. Trantorque Mini ya fi shi ƙanƙanta, noti ɗaya ake murɗawa. Kamun waɗannan ya fi ƙarfin duk abin da sitefa za ta iya yi, kuma ba su da wasa ko kaɗan. Abin lura biyu ne: naman fulin da ya kewaye bushin ya kai kaurin da takardar kamfanin ta faɗa don kada ya tsage, sannan wasunsu sukan ja fulin gefe kaɗan yayin ɗaurewa, sai ka sake duba layin bel bayan ka gama. Tsada ce kawai aibinsu. A layin Z na injin da kansa yake da nauyi, ni ina ganin kuɗin bai tafi a banza ba.

Gam

Mutane da yawa suna raina wannan hanya don sun ji an ce gam, alhali lissafi yana bayanta. Gam ɗin riƙe sanda irin Loctite 638 ko 648 yana cike duk ratar da ke tsakanin rami da sanda ya daskare, babu sauran wurin da wasa zai fara. Fatar bakin sanda mai milimita 10 da tsawon 15 ta kai murabba'in milimita 471. Ko an ɗauka gam ɗin niyuton 10 kawai yake riƙewa a kowane murabba'in milimita, wanda bai kai rabin abin da 638 yake yi tsakanin ƙarfe da ƙarfe ba, kamun ya haura 23 Nm. Muna neman 4.

A wanke duka biyun da asiton har farin tsumma ya daina baƙi. A shafa gam a sanda da bakin ramin, a zura fulin ana ɗan juya shi don ya bazu, a tsayar da shi a wurinsa nan take, domin cikin 'yan mintuna yake fara kamawa. A goge wanda ya tsatso, kada ya gangara cikin boris ko tiredin notin kulle. A bar shi awa 24 kafin a ɗora bel. Alminiyam ba ya saurin tayar da irin wannan gam kamar baƙin ƙarfe, don haka feshin Loctite 7649 mai tayar da gam yana taimakawa. Duba ranar ƙarewar kwalbar kafin ka biya. Kamfanin ya ce a ajiye shi a wuri mai sanyi, wanda kuwa ya shekara a shagon kwano cikin zafin bazara ba lallai ya daskare yadda ya kamata ba. Gwada shi a kan wani noti tukuna.

Inda gizo ke saƙa shi ne cirewa. Sai an gasa fulin zuwa kusan digiri 250 kafin gam ɗin ya saki, ga boris a kusa, kuma ba za ka iya zare gidan BK12 ba sai fulin ya fita. Saboda haka gam shi ne aikin ƙarshe, bayan an tabbatar da komai. Mai son ya bar wa kansa ƙofa sai ya yi amfani da 641, wanda aka yi don abin da za a sake kwancewa, ya haɗa da marasa kai biyu. Wannan haɗin shi ne maganin fulin da raminsa ya ɗan yi faɗi kuma babu halin sayen wani.

Jerin haɗawa

Idan layin Z ne, fara da tokare kan injin da katako. Bolsukuru ba kamar tsohon sukurun injin ba ne, nauyi yana iya juya shi. Da zarar ka cire bel ko fuli ya saki, kan zai iya gangarowa a kan tebur ko a kan hannunka.

Gama da boris tukuna. Zura sandar a BK12 da zobbansa, ɗaure notin kulle har wasan gaba da baya ya ɓace amma sandar tana juyawa da yatsu, sannan ka ɗaure ɗan notin gefensa. Kada ka kama hanyar ƙwallaye da filaya ko bais mai haƙora. Tabo ɗaya a wurin zai riƙa yi maka ƙara har ƙarshen rayuwar sandar. Riƙe ta da fuskokin sifana, ko tsakanin katako biyu. Wasu tsare-tsaren suna jera boris da zobe da fuli sannan noti ɗaya ya matse su duka. Yana aiki, amma ka san cewa duk ranar da ka taɓa fulin ka taɓa matsin boris, kuma idan notin ya sassauta abu biyu ne suka lalace lokaci guda.

Zura fulin kusa da gidan boris iyakar iyawa, ka bar kamar milimita ɗaya tsakaninsa da notin kulle. Kowane milimita da ya yi nisa ƙarin lanƙwasa ne ga bakin. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a gefen fuli biyun don su hau layi ɗaya. Fulin moto ne ya fi sauƙin matsarwa, shi za ka bi da shi. Aƙalla ɗaya daga cikinsu ya kasance mai katanga a gefe don bel kada ya sauka, kuma haƙora shida ko fiye na ƙaramin fulin su kasance cikin bel a kowane lokaci. Ɗaure, sannan ka ɗora agogon awo a saman haƙoran ka juya da hannu. Kaɗawar da ta wuce milimita 0.05 za ta sa bel ya riƙa tsananta yana sassautawa a kowane zagaye, kuma za ka ga sawunta a fuskar aiki.

Ja bel ta hanyar matsar da moto a dogayen ramukan mazauninsa. Ya yi tsauri har idan ka riƙe fuli ɗaya ka kaɗa ɗayan ba za ka ji rata ba, amma kada ya kai yana kuka ko moton yana zafi a wajen boris. Bel mai haƙora da haƙoransa yake ja, tsananin ɗauri ba ya ƙara masa komai sai cin boris da sassauta fuli.

Gwaji

Ja layi ɗaya siriri da fenti ko maka daga ƙarshen sandar zuwa jikin fulin, ka yi haka a moto ma. Wannan layin zai gaya maka gaskiya duk ranar da injin ya fara ɓata awo.

Saita taki a manhajar sarrafa injin, Mach3 ko LinuxCNC. A misalinmu, taki 200 sau ƙananan taki 8 da diraiba ke raba kowane taki, sau 2 na ragin fuli, a raba da 5, ya ba da 640 a kowane milimita. Ɗora agogon awo a jikin tebur, tura layin gaba milimita ɗaya, mayar da agogon sifili, ƙara tura shi gaba milimita ɗaya, ka dawo da shi milimita ɗaya. Abin da ya rage a agogon shi ne wasan layin. Maimaita a wurare daban-daban. Sannan rubuta ɗan shirin da zai yi ta kai da kawo da cikakken gudu na kamar rabin awa, ka sake aunawa, ka duba layin fentin.

Idan wasan bai sauya ba kuma layin yana nan a miƙe, fulin ya zauna, sauran wasan daga wani wuri yake. Manna ƙwallon boris ɗaya da giris a ramin tsakiyar ƙarshen sandar, ɗora agogon a kansa, ka sauya hanya: idan allura ta motsa, sandar ce take tafiya gaba da baya, matsalar notin kulle ce ko boris. Idan ba ta motsa ba, koma kan notin ƙwallaye da mazauninsa. Idan kuwa wasan yana ƙaruwa daga awo zuwa awo, ko layin fentin ya karye, ko ka ga baƙar ƙura ko ja tana fitowa daga bakin ramin, fulin yana motsi. Kada ka rufe wannan da gyaran wasa na manhaja, domin manhajar lamba ɗaya take ramawa, wasan fuli kuwa kullum ƙaruwa yake. Cire shi ka auna ramin. Idan ya buɗe, ƙara ɗaure noti ba zai mayar da shi ba, sai gam ko bushin ko sabon fuli.

Bayan awannin farko na yankan gaske, sake bin notocin matsi da na bushin da alanki, domin alminiyam yakan ɗan kwanta a ƙarƙashinsu. Waɗanda ka sa wa gam ɗin tiredi kada ka murɗa su, murɗawa tana karya gam ɗin. Layin fentin kawai za ka duba.